Yatsa Uku a Tiyon Birki

Yayana bai taɓa kallon mota daga sama ba. Ni ne mai kallon sama, don fenti ne sana'ata, shekara talatin da 'yan kai ina rufe wa mutane tabon da suka jawo wa motocinsu. Shi kuwa da zarar an tsayar da mota a ƙofar shagonsa, sai ya jawo kwalinsa ya shimfiɗa ya shige ƙarƙashi, duk abin da za ka faɗa sai dai ka faɗa wa tafin ƙafarsa. Shagunanmu a jere suke, bango ɗaya ya raba mu, kuma ta kan bangon nan muka yi rabin faɗan da muka yi a duniya. Yana ce mini mai yi wa gawa kwalliya, ina ce masa ɓeran rami.

A layinmu ba mai kiransa da sunan yanka, Uwa-Ɗaya ake ce masa. Akwai wani kamfani da motocinsa suka cika garin, kowace da sunan da mutane suka laƙaba mata. Gajera ita ce ta 'yan haya. Doguwa mai tsayin ƙafa ce, ta shiga karkara. Akwai Mai Ɗaki ta masu iyali da yawa, sai kuma 'Yar Gayu, wadda aka liƙa wa wani tambari daban, aka sa mata kujerun fata, aka ninka mata kuɗi. In ka jera su a titi ba za ka ce sun san juna ba. Yaya ne, da yake a ƙarƙashi yake wuni, ya fara gane cewa a kan shasi ɗaya aka gina su duka. Ƙashin da ke ɗauke da inji da ƙafafu iri ɗaya ne, riga ce kawai kamfanin ke canzawa.

Wata rana aka jawo 'Yar Gayun wani babban mutum, wata biyu ke nan yana jiran a kawo masa wani ƙarfen ƙafa daga ƙasar waje. Yaya ya leƙa, ya zaga bayan shago, ya kwance irinsa daga jikin wata Gajera da ta yi hatsari, ya goge shi da tsumma. Mutumin ya ga inda aka ciro, ya yi ta kumfar baki wai za a sa wa motarsa kayan tasi. Yaya ya ɗaure notin ƙarshe, sannan ya fito yana kaɗe riga ya ce, "Ranka ya daɗe, uwarsu ɗaya." Motar ta yi shekara shida da ƙarfen nan, sunan kuma ya bi shi har yau.

Abin da ke tayar masa da jijiyar wuya shi ne masu kwaikwayonsa, waɗanda suka ji cewa komai na shiga komai suka kama ɗaure-ɗaure. Yakan ce inda motocin suka haɗu kowa zai koya a sati ɗaya, inda suka rabu ne ya ci masa shekara ashirin. Wani abu zai shiga daram, noti ya ɗauru, mai mota ya tafi yana murna, alhali ba nata ba ne. Don haka ya mai da bangon cikin shagonsa kamar littafi. Ƙusoshin rataye kayan gyara ne daga sama har ƙasa, layi huɗu, kowace mota da layinta, ba rubutu ba lamba. Ko bai juya ba zai miƙa hannu baya ya ciro abin da yake so. Marigayiya matarsa, Allah ya ji ƙanta, har ta bar duniya ba ta taɓa ɗora yatsa a bangon nan ba.

'Ya'yansa maza uku duk sun guje wa baƙin mai. Auta, 'yarsa mace tilo, ita ce ta ɗauko shi, ko da yake aikin nas ta karanta. Shi ya koya mata tuƙi a wani filin ƙwallo, kuma ni shaida ne ba da wasa ya koya mata ba. Sai da ta iya tsayar da mota ba ta taka birki ba, da giya da birkin hannu kawai, tana yi tana hawaye yana cewa a sake. Ya kuma kafa mata doka: waya a jaka, jaka a but ɗin mota, ba a ɗauka sai an iso. Auta ta riƙe maganar uban nan kamar karatu. In ka ce mata kana jin wata ƙara a motarta, sai ta ce maka, "Baffa, Baba ya taɓa," shi ke nan magana ta ƙare.

Da aka tura ta aiki wani asibiti a bayan duwatsu, shi ya zaɓa mata Doguwa ta hannu, ni kuma na fesa mata shuɗin da na haɗa da kaina. Tafiyar awa huɗu ce. Awa uku kwalta ce sumul, sannan a hau dutse, sannan a gangara ɗaya gefen. Gangaren nan kwana bakwai gare shi, kowace sai ka murɗe sitiyari har ƙarshe, ruwa ya cinye hanyar duk ramuka, gefe ɗaya dutse, ɗaya gefen kwazazzabon da ba a son leƙawa.

To, ga inda na shigo da nawa. Yaya ya tafi ta'aziyya kwana biyu ya bar mini makulli. Na shiga na ga bangon nan ya yi baƙi ƙirin da hayaƙin shekaru, sai zuciyata ta ce in yi masa abin kirki. Na sauke komai a kan tabarma, layi-layi, na shafe bangon fari fat, ya bushe, na mai da kowane abu inda na ciro shi. Haka dai na ɗauka. Akwai ɗauri biyu na tiyon birki, baƙaƙe, bakinsu ɗaya, notinsu ɗaya, na juya su na sake juyawa ban ga bambanci ba, na rataye su na kulle shago. Yaya ya dawo ya buɗe, ya shiga ya fita, ya wuni yana aiki, ko uffan bai ce ba game da farin bango. Abin ya ƙona mini rai ƙwarai. Na ce a raina mutumin nan ko godiya sai an roƙe shi, na yi kwana uku gaisuwa kawai ke haɗa mu.

A cikin kwanakin nan ne Auta, wadda ta zo hutu da 'yan matanta biyu, ta kawo Doguwa a duba mata kafin ta koma. Yaya ya ce tiyon birkin gaba sun fara tsattsagewa, ya canza mata duka biyun ranar Alhamis. Ranar Asabar ƙarfe takwas na safe ta biyo ta yi mana sallama. Ni da hannuna na gyara mata kayan but, na ɗora akwati biyu da buhu a kan jakarta.

Wajen ƙarfe tara wani ɗan haya ya kawo Gajera, tiyonsa ɗaya na yoyo. Ina cikin goge wata ƙofa da sanfefa, sai na ji bugun sifana ya tsaya a shagon Yaya. Na ɗaga kai na gan shi tsaye a bakin shagona da tiyo a hannu, fuskarsa kamar an watsa mata toka.

"Wa ya taɓa mini bango?"

Na ce ni ne, kuma sai yau ya gani, sannu da ƙoƙari. Bai kula baƙar maganata ba. Ya ce wannan tiyon da ke hannunsa na Doguwa ne, kuma a ƙusar Gajera ya ciro shi. Ke nan waɗanda ya ɗaura wa Auta shekaranjiya na Gajera ne. Na ce to ai uwarsu ɗaya. Wallahi haka na ce, ni da bakina. Ya ce na Gajera ya gaza na Doguwa da yatsa uku. A kwalta ba abin da zai faru, ko shekara za ta yi tana tafiya. Amma in ta murɗe sitiyari har ƙarshe, taya ta faɗa rami, ƙafar Doguwa tana miƙewa fiye da ta Gajera. Tiyon zai ja, ya ja, ya tsinke, man birki ya tsiyaye.

Sanfefar ta faɗi daga hannuna. Na kira Auta, waya na ta ringin ba a ɗauka, na sake kira har sau shida. Na tuna inda wayar take da wanda ya danne ta da akwati. Mijinta yana can bayan duwatsun, inda waya ba ta shiga sai an hau tudu. Yaya ya cusa dogayen tiyon biyu da sifana a aljihu, ya ɗauki galan ɗin man birki, ya bar ɗan haya tsaye baki buɗe, shagunanmu duka biyu a hangame.

Motata tsohuwa ce mai buɗaɗɗen baya, in ta haura ɗari sai sitiyari ya kama rawa kamar mai zazzaɓi. Ranar na taka ta har ƙasa. Lissafinmu ɗaya ne: Auta ta ba mu awa guda da 'yan mintoci, amma ba ta wuce tamanin, kuma kullum takan tsaya a gidan man da ke gindin dutse. In Allah ya so mu tarar da ita a can. In ba mu tarar ba, ba wanda ya ƙarasa maganar.

Tsoro in ya kama ni faɗa yake sa ni. Na yi ta zuba, na ce da yana rubuta suna a jikin ƙusoshin nan kamar kowane ɗan'adam da ba a kai ga haka ba. Na ce da yana da bakin godiya, da ranar da ya dawo ya ga bango fari zai tambaya, ni kuma in faɗa masa na sauke kaya. Na ce wane irin mutum ne za a shafe masa shago daga baƙi zuwa fari ya yi kamar bai gani ba.

"Ban gani ba," ya ce.

Na ce ya daina raina mini hankali. Ya ce wallahi bai gani ba. Shekara biyu ke nan idonsa ke rufewa, yanzu duniya yana ganinta ne kamar ta gilashin da aka shafa wa sabulu. Masu kawo aiki da murya yake gane su, motocinsu da ƙarar inji. Warin fenti kuwa kullum a cikinsa yake kwana yake tashi saboda maƙwabtaka da ni, bai ji wani sabon abu ba. Ƙusoshin nan su ne idonsa. Ya ce da ya ɗaga motar a jak ya murɗa tayar, da hannunsa ya gaya masa tiyon ya yi gajere, amma Auta na tsaye a kansa tana hira, ya ji kunyar ta ga yana lalube, ya yarda da ƙusa ya ɗaure.

Shekara biyu muna bango ɗaya, ina yi masa tsiya wai girman kai ya hana shi gaishe da mutane daga nesa. Kunya ta rufe ni, haushinsa kuma ya cika ni, duka a lokaci guda, na ci gaba da tuƙi.

A gidan mai ko inji ban kashe ba. Mai zuba man ya ce ƙwarai, shuɗiyar Doguwa, mace da yara biyu, sun sayi ruwa ta wanke musu fuska, ko minti ashirin ba a yi ba da suka tashi. Muka kama hawa. A tsakiyar dutsen muka cim ma wata tanka tana rarrafe, hayaƙinta na cika mana mota, hanya ba faɗi. Na bi ta na bi ta, na ga za ta kashe ni da rai, na fizge na wuce ta a inda ba na ganin abin da ke tahowa. Yaya, wanda bai taɓa shiga motata bai zagi tuƙina ba, ko tari bai yi ba.

Da muka kai ƙololuwa ya ce in rage gudu, in sa ido a ƙasa, in faɗa masa duk abin da na gani. Kwana ta farko ba komai sai tsakuwa. A kwana ta biyu akwai wani rami mai faɗi ta ciki, daidai inda dole taya ta faɗa. Daga bakinsa wani siririn layi mai danshi ya tashi ya bi hanya ya yi ƙasa. Na yi niyyar in yi shiru, amma ya ji numfashina ya canza.

"Faɗa mini."

Na faɗa. Ya tambaya layi ɗaya ne ko biyu, na ce ɗaya, ta hagu. Ya ce to tana da rabin birki, amma a gangaren nan da kaya da yara, rabin birki ba zai kai ta ko'ina ba, sai in ta tuna filin ƙwallo. Daga nan bakinsa ya koma motsi da addu'a, hannunsa a kan aljihun da tiyon suke.

A kwana ta uku idona ya tafi gefen kwazazzabo, ina ƙirga turakun siminti ko akwai wanda ya karye. Duk suna nan. Sai na waiga gefen dutse, na ga wata sabuwar gurza doguwa a jikinsa, da fenti a ciki. Ko a cikin motoci dubu zan gane shuɗin nan, ni na haɗa shi. Na ce wa Yaya ta jingina motar da dutse, tana goga ta da gangan. Gurzar ta yanke, ta sake kamawa, ga fasassun gilashin fitila a ƙasa, ga madubi a yashe. Muka sha kwana ta huɗu, sai ga Doguwa a manne da dutse, hancinta a cikin tarin yashin da ruwa ya tara, ƙofofin ɗaya gefen a buɗe, ba kowa a ciki.

Na ja birki. Yaya ya riga ni fita, ya nufi gaba yana sassarfa, ashe kwazazzabo ya dosa. Da ƙyar na cafko rigarsa. A nan muka ji murya daga ƙarƙashin wata bishiya tana cewa, "Baba?"

'Yan matan na zaune a inuwa, ƙaramar da ƙulu a goshi, babbar na riƙe da hannunta. Auta ta ɗaure damtsenta da ɗankwali, jini ya ɗan ɓullo. Ruɗewa ba ta bar ta ta tambayi abin da ya kawo mu ba. Ta taho ta durƙusa a gaban ubanta.

"Baba, ka yi haƙuri, na lalata motar. Ina jin ni na danne birkin da yawa tun daga sama har ya ƙone. Ban san me na yi ba daidai ba."

Ba zan ɓoye ba, a lokacin na so ya yi shiru. Kowa na raye, ta ɗora wa kanta, da mun canza tiyon a nan ba mai ji ba mai gani. Har na matsa masa hannu. Ya zare hannunsa, ya lalubi jikin motar, ya kwanta a kan tsakuwa ba kwali ba komai, ya shige. Muka ji motsin sifana. Ya fito da tsinkakken tiyon, ya ciro dogon daga aljihu, ya kama hannun Auta ya jera mata su a tafi, ya daidaita bakinsu, ya ɗora yatsunsa uku a inda ɗayan ya gaza.

"Ba ke ba ce. Ke kin yi duk abin da ake yi. Ni na ɗaura miki na Gajera."

Na yi wuf na ce ni na sauya musu ƙusa. Ya ce in rufe baki, shi ya ɗaura kuma bai auna ba. Sannan ya faɗa mata abin da ya faɗa mini a hanya, bai rage komai ba, har da kunyar lalube.

Auta ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Ta miƙe, ta juya fuskarsa wajen rana, ta ja fatar idonsa ƙasa da babban yatsa kamar yadda take yi wa marasa lafiya, ta duba na dama ta duba na hagu. Ta tambaye shi tun yaushe, ya ce shekara biyu. Ta waiga ta dubi yaran, ta dubi bakin kwazazzabon da bai fi taku goma daga inda motar ta tsaya ba.

"Baba, ba ka gani, ka gyara, ka bar ni na sa 'ya'yana a ciki."

A hankali ta faɗa. Yaya ya ɗauki sifana ya koma ƙarƙashin motar. Ita ta riƙe masa tocilan ta faɗa masa abin da take gani har ya ɗaura dogayen, ni na taka birki aka fitar da iska, muka lallaɓa motar zuwa ƙasa.

Ashe yanar ido ce ta rufe masa gani. Auta ce ta kai shi aka yi masa aiki, ta kwana biyu a gefen gadonsa tana ɗiga masa magani. Na dama ya dawo sosai, na hagu kaɗan. Ranar da ya koma shago ya daɗe yana kallon bangon, ya ce farin ya yi yawa, wannan ita ce godiyar da na samu. Ya sa na rubuta sunan kowace mota a layinta da jan fenti. Yanzu ko noti ne sai ya auna, ya ɗaga mota ya murɗa taya hagu da dama. Ni kuma na buge gefen Doguwa na sake fesa shuɗin, ba za ka ce ta taɓa sanin dutse ba.

Har yanzu Auta na kawo masa motar duk hutu, ta gaishe shi da ladabi, ta gode. Sai dai ban sake jin ta ce Baba ya taɓa ba. Bara na hango shuɗiyar a wani gareji a can bakin gari, washegarin ranar da ya yi mata aiki, wani baƙon makanike na ƙarƙashinta. Na haɗiye abin, ban gaya wa kowa ba.

Hutun da ya wuce ta sake kawowa, ta bar makulli ta tafi kasuwa. Yaya ya shige ƙarƙashi, bai jima ba ya fito ya zauna a kan kwalinsa. Ya ce wani hannu ya bi notocin nan bayan nasa, ya ga inda sifanar mutumin ta ci gefensu. Na fara kame-kame, wai ƙila faci aka yi mata a hanya. Ya ce faci ba ya kai mutum ga tiyon birki. Ya daɗe yana murza tsumma a hannu.

"Ta yi daidai," ya ce. "Ni ma da haka zan ce ta yi."

Ya ce in miƙo masa sifana mai lamba goma, ya koma ƙarƙashi.